Masu Gadin Teku a Birnin da Ba Shi da Teku

A can gaɓar Ingila akwai wasu bayin Allah, da yawansu dattawa ne da suka ajiye aiki, waɗanda ke hawa wani ɗan ɗaki a kan tudu su wuni suna leƙen teku da madubin hangen nesa. Ko sisi ba a biyansu. Jirgi ya gifta su rubuta, kwale-kwale ya fita su rubuta, in suka hango wani cikin wahala su sanar da hukuma nan take. Abin ya faro ne a 1994, bayan masunta biyu sun halaka a gaɓar Konwal, dab da wani ɗakin tsaro da aka rufe. Mutanen wurin suka ce to, tunda an tashi, mu za mu zauna. Da na ba wani abokina Bakano labarin, sai ya dube ni ya ce, "Ku Zage-zagi ina ruwanku da teku, ku da ko ruwan famfo sai a mafarki?"

Ban musa masa zancen famfo ba, 'yan garuwa shaida ne. Kuma gaskiya tsakanin Ƙofar Doka da teku akwai fiye da kilomita 600. Amma duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san muna da namu tekunan. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi tubali, sun gina soraye da zauruka da ita kanta ganuwar, suka bar mana ramukan gado. Da rani juji ne, awaki na kiwo a ciki. Da marka ta sauka a Agusta sai kowane rami ya cika ya batse, kainuwa ta rufe shi, kwaɗi su buɗe makaranta, yara kuma su buɗe tashar jiragen ruwa da ƙyauren langa-langa da tsohon tub na mota. Ga rafin Kubanni ya gangaro daga wajen Samaru, ga kogin Galma a gabas. Don haka mu ma muna da rundunar masu gadin gaɓa, babu albashi babu takardar ɗauka, kuma na daɗe ina nazarin su.

Babbansu shi ne Sarkin Ruwan Baka. Za ka same shi a gindin bishiya kan buzu, da babbar riga da rediyo. A bakinsa ya haye Kwara a Jebba, ya haye ta a Lakwaja inda ta haɗu da Binuwai, sau ɗaya ma da buhun gero a ka. Kowace shekara kogin na ƙara faɗi, buhun na ƙara nauyi. Ya taɓa zuwa Argungu, sai da masu su na Matan Fada suka roƙe shi kada ya shiga don kada ya kwashe musu kyauta. In ka ce, "Baba, ko za ka ɗan nuna mana?" sai ya ce ai wannan ba ruwa ba ne, fitsarin jaki ne, shi ba ya jiƙa wandonsa a banza. Shekara talatin ina ganinsa, ruwan da na taɓa gani a jikinsa na alwala ne. Amma idan kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Matsalar dai ita ce ba mu taɓa ganin shigar wannan kifi ba, balle fitowarsa.

Sai Mai Tsumagiya. Shi niyyarsa kyakkyawa ce, dabararsa ce ta gurgu. Yakan laɓaɓo ta bayan katanga, ya kwashe rigunan yara ya danne da ƙafa, ya ce kowa ya fito ya karɓi tasa. Wane yaro ne zai fito? Sai duk su ja baya zuwa tsakiya, inda ya fi zurfi, su tsaya ruwa iya haɓa suna jiran ya gaji. Wato da bulalarsa ya kora su daidai inda ake tsoro. Gobe kuma su koma wancan gefen da babu gida, inda ko an yi ihu babu mai ji. Abokan aikinsa suna cikin gida, su ne iyaye mata masu binciken farce: yaro ya shigo da jajayen idanu, uwa ta karce masa dantse, in farin layi ya fito an kama ɓarawo. Mu ma mun sha wannan hukunci, har muka gano cewa ɗan man gyaɗa a aljihu yana ɓatar da shaida. Abin da mai bai ɓoye ba shi ne tsargiya, wadda kan tona asirin yaro bayan makonni, ranar da ya ga jini a fitsarinsa ya ruga wurin Iya yana kuka.

Akwai Malam Mai Aljanu, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe, don ya fi sauran tasiri. Shi kowane kududdufi ya san mai shi. Wannan na 'yar ruwa ce mai gashi har gadon baya, wancan yana cin mutum ɗaya duk shekara, in bai ci ba sai ya ci biyu baɗi. Ban raina amfaninsa ba: labarinsa ya tsare ni daga wani rami har na yi wayo, abin da bulala ba ta yi ba. Inda muka rabu da shi shi ne ranar da ruwa ya ci yaro. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai dama na faɗa, ta karɓi nata," jama'a su yi salati a watse, kamar an biya haraji. Babu mai tambayar me ya sa kullum a gefe ɗaya take karɓa. Ka je da rani ka duba gefen: nan ne magina suka yanki ƙasa a tsaye kamar bangon rijiya. Yaro na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya ji babu ƙasa. Ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa, ga leda, ga tsumma, ga tsohuwar waya. In akwai aljana a wurin, to da diga da shebur aka haƙa mata ɗaki.

Shugaban Kwamiti ba ya zuwa sai bayan an yi rashi. Zai tara mutane a ƙofar mai unguwa, a naɗa shugaba, mataimaki, ma'aji, mai binciken kuɗi da jami'in hulɗa da jama'a, alhali kuɗin da za a bincika bai kai na goro ba. A buga katin shaida. A rubuta wa ɗan majalisa a ba su kwale-kwale mai inji, don kududdufin da ke ƙafewa kafin bazara. In Allah ya sa aka sami rigar ruwa guda ɗaya, mai ruwan lemo, shi zai riƙa sa ta, har wurin ɗaurin aure na taɓa ganinsa da ita a kan kaftani.

Mai Waya kuwa ya riga kowa isowa, ya riga kowa samun wurin tsayawa mai kyau. Hannunsa a sama, bakinsa na "Innalillahi, jama'a ku yaɗa." Kafin a fito da yaro an gan shi a Facebook a Jidda. Ka tambaye shi lambar 'yan kwana-kwana, ko 112 ta kiran gaggawa, sai ya ce ba shi da kati, ko da yake ita wannan ba ta cin kati. Kusa da shi akwai Ba-Ruwana, wanda ya harɗe hannu a bakin ruwa yana faɗin sunansa.

Wanda nake tausayi shi ne Gwarzo. Da ya ji "yaro ya faɗa!" sai ya zabura da riga da hula da takalmi ya daka tsalle, sai yana iska ya tuna bai iya iyo ba. Ko ya iya ma, mai nutsewa ba ya gaisuwa, wuya yake shaƙewa ya hau kanka kamar tsani. Iya ruwa fidda kai, in ji masu iya magana, shi kuwa Gwarzo sau da yawa yakan mai da gawa ɗaya biyu. Da ya miƙa gora, ko ya kwance rawani ya jefa, ko ya wurga jarkar da babu komai a ciki da murfinta a rufe, da ya kwana a gidansa ana yi masa sannu. In an samu an fito da yaron, sai Likitan Gaɓa ya karɓi aiki: a ɗaga shi ta ƙafa kai a ƙasa, a danne ciki, a juya shi kamar waina, wani ya ce a ɗura masa madara. Mintocin da ya kamata a kwantar da shi a hura masa iska a baki a danna ƙirji, abin da 'yan agaji masu horo ke yi, sun tafi a musu.

Duk waɗannan sun yi tarayya a kuskure ɗaya: suna jiran ihu. Mai nutsewa kuwa ba kasafai yake ihu ba, don numfashin da zai yi ihun da shi ne ba shi da shi. Kai ne ke leƙowa ya koma, hannu na dafa ruwa kamar mai neman tudu, sauran yara na tsammanin wasa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 suka mutu ta nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don faɗakarwa kan nutsewa, ranar da ke zuwa mana daidai lokacin da ramukanmu ke cika.

Shi ya sa da za a ce in ba wani lambar yabo, ba zan ba kowa cikinsu ba sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da na sani a bakin wani kududdufi. Ba ta iya iyo ba, ba ta da usur, ba ta cikin kwamiti. Ta dai juya murhunta ya fuskanci ruwa, kuma tana ƙirga kawuna kamar yadda take ƙirga ƙosai. "Kai, ku bakwai ne ɗazu, ina mai jan wando?" Sai an nuna mata shi take mai da ido kan kasko. Ta san ɗan wa da wa, ta san wanda uwarsa ke tsammanin yana makarantar allo. Kusa da ita akwai mai wanki da guga, wanda ke jingine doguwar gorar shanya a inda hannu zai kai, ba ya kuma ba kowa aronta da damina. Su biyun ba su taɓa jin labarin Konwal ba, amma aikin ɗakin nan na kan tudu suke yi, littafin rubutu kawai suka rasa. Inda babu irinsu, sai a tura babur a ɗauko masunci da gorarsa daga Galma, shi kuma kowa ya san abin da ake kiransa ya nemo.

Masu unguwanni, ranku ya daɗe, ba kwale-kwale mai inji muke roƙo ba. Igiya mai tsawo da jarka a ɗaure a bakinta, a rataye a bishiyar da ta fi kusa da ruwa, a kafa turaku a gefen da magina suka yanka tun kafin ruwa ya rufe shi. Kai kuma mai karatu, in ka bi ta bakin kududdufin unguwarku a daminar nan, ɗaga kai ka duba ko akwai igiyar. In babu, ta gugan gidanku ma ta isa.