Ajiye Takobin Nan, Malam, Gada Ce Ba Giwa Ba

Tsaya, Malam, ina za a da wannan zabgegiyar wuƙa tana dukan gwiwa? Farauta? To madalla. Me ake sa ran kamowa? Gada, in da rabo, ko zomo? Gadar da ko ta yi shekara tana ƙoshi da ƙyar take kai kilo 25, ita ka ɗauko wa takobi?

Ka ce babbar wuƙa ta fi aiki? Aikin me? In saran itace ne, adda ta riga ta karɓi wannan kwangila. Ai na san inda ka gano ta. Fim ɗin Rambo ne na farko, na 1982. Wani maƙeri a jihar Arkansas ta Amurka, Jimmy Lile, shi ya ƙera waccan: ruwanta inci 9, bayanta da haƙoran zarto, ƙotarta da rami na ajiye allura da zare. Don a gan ta a majigi aka yi ta, kuma an gan ta. Taka kuwa kwaikwayo ce ta kasuwa. Ƙota mai rami tana nufin ƙarfen bai ratsa ciki ba, wani ɗan noti ne kawai ya riƙe aurensu. Ranar da ka matsa mata, saki uku za a yi a hannunka.

Bari mu durƙusa gaban gadar tukuna, in ka iya durƙuso da wannan kaya a ƙugu. An yanka, jini ya tsaya, rana tana sama. A zafin bazara nama ba ya jiran kowa, don haka abu na farko a buɗe ciki a fitar da kayan ciki, iska ta shiga. Tsakanin wuƙarka da tumbi babu komai sai ɗan siririn bango. Mai sani yakan yi 'yar ƙaramar ƙofa, ya cusa yatsu biyu su ɗaga fatar cikin, ya kwantar da wuƙa a tsakaninsu kaifi yana kallon sama, sannan ya tura a hankali. Yatsu suna danne tumbi, wuƙa tana bin bayansu. Yanzu gwada hakan da inci 9. Hannunka yana nan, tsininta yana can yana gaisawa da hanji. Fus! Abin da gada ta ci tun jiya ya malale a kan naman da ka yi wa gida alkawari. In ka haɗa da mafitsara, to ka cika ladanka. Uwargida za ta wanke, ta sake wankewa, ta zuba citta da kanumfari, warin yana nan yana ba da shaida.

Ruwan wuƙa na inci 3 zuwa 4 ya isa. Eh, ɗan wannan. Kada ka harare ni. Tsawon da za ka ɗora manuniya a bayansa ta kusa kai tsini, ka san inda bakin yake ko ba ka gani.

Ka ce to ai sai a nemi mai tsini sosai, mai baki biyu, ta ci gaba ta ci baya? Haba! Ko a cikin mutane mai baki biyu ba abokin tafiya ba ne. Ina za ka ɗora yatsan? A kan kaifi? Sai dai in kai ɗan tauri ne, kuma tumbin gada dai bai sha maganin ƙarfe ba. Kaifi ɗaya ake so, da baya mai kauri wanda ya ɗan sunkuyo wajen tsini. Wannan ƙira ce Bob Loveless, wani maƙerin Amurka, ya yi suna da ita, kuma dalilinta ɗaya: in an juya kaifi sama, tsinin ba ya caka abin da ke ƙasa.

Fiɗa kuma ba aikin tsini ba ne ko kaɗan. Aikin cikin wuƙa ne, wato wannan lanƙwasa da ke gaba. In ba ka yarda ba, jira babbar Sallah ka tsuguna kusa da mahauci. Dubi abin da ke hannunsa: 'yar wuƙar da washi ya cinye rabinta, ƙotar an naɗe ta da robar tsohuwar tayar keke. Ya goga ta a jikin 'yar uwarta, ƙyas-ƙyas, ya tsaga ƙafafu, ya tsaga tsakiya daga ciki zuwa waje don kada ya yanki gashi, domin gashi yana dakushe kaifi kuma yana manne wa nama. Daga nan sai ya ajiye ta. Ya dunƙule hannu ya riƙa cusawa tsakanin fata da nama, fata tana saɓulewa. Wuƙa ba ta dawowa sai inda ya cije. Kafin ka gama ba shi labarin wuƙarka ta ƙasar waje, ya rataye rago.

Ka ce fata ai ba ci za a yi ba, ta huje mana? Je ka faɗa wa majema haka. Fatar jar akuyar Sakkwato ta keta Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, kuma ba da huji ta yi wannan suna ba. Kowace ɓula da ka yi, bagaruwa ba ta toshe ta, sai dai kuɗin fatar ya ragu. Ko buzu kake so na zama, wa zai shimfiɗa rariya?

Na ji ka, yanzu ka koma kan ƙarfe: wai sai wanda ba ya tsatsa, na maƙeran gida kuwa na ƙauye ne. Sannu, ɗan birni. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da kyau, sinadarin kuromiyom da ke ciki, kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye, shi ke kare shi, kuma ya dace da wanda ke mayar da wuƙa kube da jininta. Kai ke nan. Amma baƙin ƙarfen da maƙeri ya sara daga sifirin tsohuwar mota, in ya iya ba shi ruwa, yana ɗaukar kaifi da wuri a kan dutsen washi na Allah da Annabi. Haƙƙinsa kaɗan ne: a wanke, a goge, a shafa ɗan mai. Ni dai shi nake zaɓa, domin wuƙar da za ta wasu a daji ta fi wadda sai an kai ta inji. In kuma sai ta kanti, wuƙaƙen Mora na ƙasar Suwidin ba su da ado ba su da tsada, ruwansu kusan inci 4, kuma suna fiɗa ba surutu.

Mai naɗewa fa, ta shiga aljihu? Ba haram ba ce. Buck 110 tana hannun mafarauta tun 1964, Okapi ma ta zaga Afirka. Sai dai jini da kitse suna shiga gaɓarta su kwana, ka yi ta sakace da tsinke. Wadda ba ta da makulli kuwa, rana ɗaya za ta naɗe a kan yatsunka ta nuna maka ita ma ta iya fiɗa.

Ƙotar nan mai sheƙi da kake shafawa, jiƙa hannunka da man gyaɗa ka riƙe ta mu gani. Ta suɓuce? To haka za ta yi cikin jini. Nemi mai kaushi, wadda ta cika tafi, da ɗan tudu da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi. Kuma don Allah bar dukan ƙashi da ita. A gaɓa ake rabuwa da ƙafa, a yanke jijiya a murɗa. Abin da ya fi haka na gatari ne.

Ka ce duk wannan don gada ne, kai gwanki kake nema, Yankari za ka? Ikon Allah. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, kuma masu gadinsa ba su san wasa ba. In ka ƙi ji, bar mana wuƙar mai kyau a gida, kada su haɗa da ita.