Baƙin Ofishin Zaure

Mai aikin ofis daga gida a Babban Duhu, tsakanin duwatsun Safana da bakin dajin Rugu, abu uku yake roƙo kowace safiya: rana ta buɗe sola ta cika batir, sabis ya tsaya, jama'a su yarda aiki yake yi. Biyun farko kan samu wani lokaci.

'Yan caji su ne masu sammako. Mutum zai miƙo waya ba caja, ya ce minti biyar, sai la'asar ya aiko yaro. Bayansu sai 'yan fom, waɗanda suka ɗauka duk mai kwamfuta reshen gwamnati ne: gyaran NIN, duba JAMB, tallafin da aka ji a rediyo. Idan sunan bai fito ba, kai ka cinye.

Amma duk cikinsu ba kamar Kawu. Kawu yana da agogo a jikinsa da ke gaya masa lokacin da aka fara taron Zoom. Da shugabarmu ta buɗe baki daga Abuja, sai sallama. Ya cire takalmi, ya shimfiɗa buzu, ya jingine sanda, ya ce, "Ci gaba da abinka, ɗana, ba zama zan yi ba." Sannan gaisuwa ta tashi: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya muka ji da zafi. Ina nuna masa kunne da yatsa, shi kuwa sai ya ɗauka ban ji ba ne, ya ɗaga murya. Can ya leƙo fuskar kwamfutar, ya ga mutane jere cikin 'yan akwatuna, ya gyara hula ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi wani mai sanƙo ko ya samu lafiya. Da ya ji Turanci ya yi yawa sai ya ɓare goro ya fara ba ni farashin rogo a kasuwar Batsari. A zuciyarsa an daɗe da korata daga aiki, kunya ce ta hana ni faɗa. Shi ya sa in zai tafi yakan rage murya: "Akwai wani ɗan majalisa da na sani. Kada ka damu, Allah bai manta da kai ba." Wata rana har naira ɗari biyar ya cusa min ƙarƙashin tabarma. Na karɓa. Data ba kyauta ba ce.

Akwai kuma malaman sabis. Sun yi karatunsu ne a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Safana da Batsari, zamanin Gwamna Masari. Tun daga nan kowane saurayi ya san dutsen da MTN ke sauka da reshen tsamiyar da Airtel ke kwana. Za su hau da kai har hularka ta faɗi, in ba a samu ba su ce jiya akwai.

'Yan "kunna min hotspot in duba abu ɗaya" kuwa, abu ɗayan TikTok ne.

Duk waɗannan nawa ne, ina dariya ina shayar da su shayi. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai lissafin albashin mutane a teburin mai shayi. Bai taɓa ganin takardar biyana ba, amma ya rantse da dala ake turo min. A Kano wannan gulma ce kawai. A nan, inda magana kan riga mai ita shiga daji, kuma kowa ya san gidan da aka sayar da gona aka biya kuɗin fansa, wannan rataya wa mutum ƙararrawa ne a wuya. In ka yi masa magana ya ce wasa yake yi. Gobe ya gan ka kan dutse da waya a kunne, ya canza labari ya ce ko infoma ne kai.

Saura wani iri guda, wanda ba a cika ganinsa ba sai ranar da rahoto ya makara. Shi ne mai daskarar da fuska a gaban kyamara, ya ƙi ƙifta ido, sannan ya rubuta wa ofis cewa sabis ya ɗauke, ku yi haƙuri, kun san yanayin ƙauye. Sabis kuwa cike yake, sanda huɗu reras. An ce a zaurenmu yake zama.