Kunun da Ya Yi Ridda

Wanda bai taɓa azumi a Garwa cikin watan Afrilu ba, ya daina ba mutane labarin zafi. Kafin azahar ma'auni ya haura digiri 40, kogin Binuwai ya janye ya bar tsibiran yashi, mai sayar da ƙanƙara kuwa sai an gaishe shi da hannu biyu. A azumin 2023 ne, ana tsakiyar wannan gashi, dabara ta sauko mini.

Wani abokin aikina Kirista ne ya nuna mini a waya yadda Amurkawa masu dafa giya a gida ke mayar da firiza mai murfi a sama ta zama mashaya mai famfo. Na ce a'uzubillahi, sannan na ce ya sake kunnawa. Ai famfo bai san abin da ke bi ta cikinsa ba. Ni kunun zaki zan zuba.

Aikin yana da ƙa'ida. Ba a huda jikin firiza, don bututun gas a cikin bangonta suke zagaye. Murfin ake cirewa, kafinta ya yi mata wuyan katako, a huda katakon a kafa famfo. Da yake firiza kan kai digiri 18 ƙasa da sifiri, sai a haɗa mata na'urar da ke yanke wuta in sanyi ya sauka digiri 4, kada abin sha ya daskare. Sai rufaffen tulun ƙarfe da tukunyar gas mai turo ruwa sama. Kuɗin tukunyar ya fi ƙarfina, na maye gurbinta da abin hura tayar keke.

Firizar ta uwargida ce. "Malam, kifin da ke ciki fa?" Na ce a raba wa maƙwabta, watan sadaka ne.

Wutar arewacin Kamaru, akasarinta daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai a koma raba wuta unguwa-unguwa. Tamu ta tafi ta yi kwanaki. Na kafa doka, kada wanda ya ɗaga murfin nan, sanyi zai gudu.

Ranar da surukina Alhaji ya zo shan ruwa tare da limamin unguwa, na shimfiɗa musu tabarma daf da abin alfaharina. Ana kiran magariba na kara kofi na murɗa famfo, ban ko taɓa abin hura taya ba. Tulun ya riga ya tanadi gas ɗinsa da kansa. Kumfa ta yi wani gurnani, ta tsallake kofin, ta sauka a kan farar shaddar Alhaji tun daga hula har aljihu.

Sai kuma wari ya biyo baya. Tsiron dawa, sukari, zafi da kwanaki: kusan duk abin da matan unguwar Yelwa ke buƙata ke nan su dafa bilbil, burkutun wannan yanki. Su da hayaƙi da tukwane suke fama, ni ko itace ban saya ba.

Liman ya shinshina hannun rigarsa, ya dube ni cikin natsuwa. "Malam, wannan kunun naka ai ya yi ridda."

Na durƙusa na fara bayani a kan Lagdo da ƙarancin ruwan sama. Alhaji ya ce, "Yaro, ba ni buta."

Washegari abokin aikin nawa ya zo, ya ɗanɗana ragowar, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ina karɓar aikin biki. Uwargida ta ƙwace firizarta a daren, amma ta hana a cire wuyan katakon, wai yanzu ta fi cin kifi. Alhaji kuwa har yau yana ziyartarmu, Allah ya saka masa. Sai dai da gorar ruwansa yake zuwa, kuma a cinyarsa yake riƙe ta har ya tashi.