Gyaran Tsarin Mulki: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wata sana'a a Najeriya da kasuwarta ba ta taɓa faɗuwa, ko damina ko rani, wato gyaran kundin tsarin mulki. Da zarar an rantsar da sabuwar majalisar tarayya, kafin ma a gama rabon ofisoshi da motoci, sai ka ji an kafa kwamiti biyu, mataimakin shugaban majalisar dattawa na jan ɗaya, mataimakin kakakin majalisar wakilai na jan ɗaya. Daga nan zance ya sauka teburin mai shayi da gidajen rediyo, inda kowa ya zama babban lauya dare ɗaya. Masara ta yi tsada, laifin kundi ne. Rijiyar burtsatsen unguwa ta lalace, sai an yi wa kundi garambawul. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne, cikin masu ɗaga jijiyar wuya mutum nawa suka taɓa buɗe kundin nan mai sashe 320, ko da don su kore ƙura.

Al'adar ta daɗe. Turawan mulkin mallaka sun ba mu na Clifford a 1922, na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, da na Lyttelton a 1954. Muka karɓi mulkin kai da na 1960, muka sake a 1963, muka yi na 1979, aka rubuta na 1989 da na 1995 aka jingine su, sannan gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta miƙa mana na 1999. Shi ma bai huta ba. Obasanjo ya kira taron ƙasa a 2005, a 2006 kuma majalisar dattawa ta yi watsi da gyare-gyare sama da ɗari saboda an cusa tazarce a tsakiyarsu. Jonathan ya tara wakilai 492 a 2014 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, suka kwashe watanni suna musu, suka ba da shawarar ƙarin jihohi 18, rahoton ya samu wuri mai sanyi a kan kanta ya kwanta. Halinmu ya zama na majinyacin da ke zagaya likitoci ana sake rubuta masa takardar magani, kullum yana yaba kyan rubutun, amma bai taɓa haɗiye ƙwaya ɗaya ba.

Wanda yake son ganin wasan da idonsa ya leƙa zaman jin ra'ayin jama'a. Za a kama babban zauren otal, a jera ruwan roba da alewa a gaban manya. Tawagogi su iso cikin motocin haya da anko da makaɗa, kowace da ƙyalle ɗauke da taswirar jihar da ba a haifa ba tukuna, har an raɗa mata suna an zaɓa mata babban birni, wanda bisa tsautsayi yakan kasance garin shugaban tawagar. A ba kakakinsu minti uku, ya cinye biyu da rabi wajen gaishe da masu girma da iyayen ƙasa, ya miƙa takarda, a tafa, a ɗauki hoto. Shugaban zama ya ce an ji, za a duba. A waje kuma a yi layin kuɗin mota. Kowa a zauren ya san tun 1996 ba a ƙara jiha ko ɗaya ba, kuma sharuɗɗan sashe na 8 sun fi ƙarfin ƙyalle da kalangu, amma wa zai ɓata biki?

Ga inda gizo ke saƙa. Abubuwa da yawa da muke kuka a kansu suna nan a rubuce, aiki da su ne ya gagara. Sashe na 14 ya ɗora wa gwamnati tsaron jama'a da walwalarsu a matsayin babban aikinta. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, amma gidajen gyaran hali cike suke da masu jiran shari'a. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun shugabanni a ƙananan hukumomi, gwamnoni kuwa suka shekara da shekaru suna naɗa kantomomi, har sai da Kotun Ƙoli ta tsawata a watan Yulin 2024. Wanda ya tsallake sashe na 7 da rana tsaka, me zai hana shi tsallake sabon sashe da aka rubuta da sabuwar tawada?

Masu neman gyara za su ce sojoji ne suka rubuta kundin, don haka ba na jama'a ba ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai na 1963 farar hula ne suka yi shi, bai kai shekara uku ba aka kifar da shi. Jihohi 36 ɗin nan ma duk sojoji ne suka yanka su, daga Gowon zuwa Abacha, amma har yau ba a ji gwamnan da ya ajiye kujerarsa don ƙyamar asalinta ba. Za su kuma ce akwai gurgun sashe da dole a taɓa, kamar asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, da tarin ikon da aka jibge wa Abuja. Wannan gaskiya ne, kuma gyara yakan yi rana: a 2018 an rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, a 2023 kuma jihohi suka samu damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa. To amma duba gyaran da yakan wuce da wanda yakan mutu a hanya. Sashe na 9 yana bukatar amincewar majalisun jihohi 24, kuma a nan ne 'yancin ƙananan hukumomi ya sha shan ƙasa. A 2010 majalisun jihohi sun kasa amincewa da 'yancin kuɗinsu na kansu, abin da ya isa ya nuna maka wanda ke riƙe da akalarsu. A 2022 kuma kudurorin da suka shafi mata suka faɗi tun a Abuja, mata suka yi ta zaman dirshan a ƙofar majalisa. Mai cin moriyar ɓaraka shi muke ba allura da zare, sannan mu yi mamakin ɗinki bai kama ba.

Saboda haka kundin yana bukatar gyara a wurare ƙalilan da kowa ya sani, amma masu riƙe da shi sun fi shi bukatar gyara nesa ba kusa ba. Kafin a kafa kwamiti na gaba, a gwada wani sabon abu da ba a taɓa gwadawa ba tun 1999: a bi kundin yadda yake na shekara huɗu cur, a ga abin da zai rage na kuka. Kai kuma mai karatu, duk ranar da ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a da alkawarin garambawul, ka tare shi da ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, wane sashe ne ya hana ka aiki?" Idan ya fara duba agogo, ka san inda za ka kai ƙuri'arka.