Mazhabobin Masu Maganin Gurnanin Fulofi

Duk wanda ya yi aikin ofis a zamanin Windows 95 da 98 ya san wannan fitina, wato kwamfuta tana zaune lafiya a kan tebur, ba wanda ya taɓa ta, sai gidan faifan fulofi, wanda na'ura ke kira A, ya kunna 'yar fitilarsa ya shiga gurnani alhali babu faifai a cikinsa. A kan wannan mas'ala kuwa jama'a suka rarrabu mazhabobi.

Akwai mai mari, wanda hujjarsa ita ce rediyon mahaifinsa da haka yake gyaruwa. Ba mu da doguwar magana a kansa.

Akwai mai waswasi, wanda kowane motsi a wurinsa ƙwayar cuta ce. Ya ɗora manhajar rigakafi, bai sani ba cewa sau da yawa ita kanta rigakafin ce ke leƙa A, musamman lokacin kashe na'ura, sai gurnani ya ƙaru, shi kuma yaƙininsa ya ƙaru tare da shi.

Sai mai tawakkali, wanda ya gano cewa idan ya bar faifai a ciki ƙarar tana raguwa, ya tafi gida da natsuwa. Gari na wayewa kwamfuta ta ƙi tashi, domin an tsara mata a BIOS ta fara neman tsarin aiki daga A kafin babban faifai, ta tarar da wasiƙun ofis kawai.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ijtihadi ba da ilmi ba. Wannan bawan Allah, bayan ya kwance murfin kwamfuta, ya zare igiyar gidan faifan nan mai faɗi mai ramuka 34, ya hure ƙura, ya yi wa abokan aiki wa'azi a kan sakacinsu, sai ya mayar da ita a juye, jan layinta ya bar gefen fil na 1; daga nan fitilar da a da take ƙyaftawa jefi-jefi ta tsaya a kunne ba dare ba rana, shi kuwa ya ba da fatawa cewa gidan faifan ne ya mutu, a sayo sabo.

A can kusurwa kuma ga wata dattijuwa mai buga takardu, wadda ba a shawarta da ita. Ita ta san cewa kwamfuta ba ta neman abin da ba a ambata mata ba: ko dai wani ya buɗe takarda daga fulofi sunanta ya maƙale a jerin takardun baya-bayan nan, ko kuwa Find Fast na Office 97 ne ke zagayen lissafa takardu. Ta jira har malamai suka fita sallar azahar, ta share jerin, ta kashe Find Fast. Da suka dawo suka ji shiru, mai mari ya ce, "Malam, ai tun farko na gaya muku."