Nema wa arowana abokin zama

Mai sayar da kifin ado zai rantse maka cewa arowana ba ta da faɗa. Gaskiyarsa. Wanda ya shiga bakinta haɗiye shi take yi, ina faɗa a nan?

Arowana mai ruwan azurfa, 'yar kogin Amazon, tana kai kusan mita 1, kuma saman ruwa nata ne ita kaɗai. Zuba mata 'yan ƙananan kifaye masu kyalli da yamma, da safe ka tarar da ita tana shawagi cikin natsuwa, gashin bakinta biyu a miƙe, kamar mai gidan haya da ya gama korar 'yan haya.

Wanda zai zauna da ita sai ya fi ƙarfin bakinta, ya kuma san matsayinsa, wato ƙasa. Babban kurungu ya dace, ga ƙaya ga haƙuri. Kifin pleco ma haka, ya manne da gilashi yana tsotsa, ba ruwansa da kowa. Arowana biyu kuwa, kada ka soma. Ta Ostareliya, jardini, ita ko na ƙasan ba ta ƙyalewa.

Sai murfin tankinta, mai nauyi. A daji tsalle take ta cafko ƙwaro a kan reshe, a falonka kuma tayil za ta cafko.