Zuwa ga Bawana Banufe, Mai Tashar Jirgi a Zaure

Bawana, ina gaisuwa irin ta ubangida. Labari ya iske ni tun daga bakin kasuwa cewa ka kwashe tabarmin zaurenka, ka kafa teburi, ka shimfiɗa layin dogo a kai, har yaran unguwa suna layi don kallon jirgi yana zagaya. To madalla. Abin da Turawan mulki ba su yi wa Malumfashi garin Galadima ba, abin da gwamnatocin bayansu ba su yi ba, ga ɗan kwalekwale ya yi mana da kuɗin fanshonsa. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda da aka gama a 1929 ta Funtuwa ya bi, ya bar mu muna kai auduga ta hanyar Bakori. Na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 kuwa Daura da Katsina da Jibiya ya nufa. Saboda haka jirginka shi ne na farko a Malumfashi, kuma na zo na gani da idona.

Jirgin ba laifi, tunda ba kai ka ƙera shi ba. Gine-ginen bakin layin ne suka sa na nemi wurin zama don dariya.

Ka ce wai tashar Funtuwa ce. Wace Funtuwa? Ɗanka ya aiko maka da kwalin ɗakunan roba daga Ingila, ka liƙa su yadda takardar ta ce, ga jan bulo, ga rufi mai tsini don ƙanƙara ta zame, ga bututun hayaƙin murhun ɗumama ɗaki. A Funtuwa, inda a watan Afrilu mutum ke neman inuwar darbejiya! Su kansu masu wannan wasa a can ba sa barin kayan kwali yadda suka zo. Yankawa suke, su rage tsayin bango, su haɗa ɗaki biyu ya zama sito guda, su sauya rufi, su dusashe fentin har ginin ya tsufa. Gwanayen cikinsu ma ba sa sayen komai, daga kwali da itace suke tashi. Kai kuwa ko bututun hayaƙin ba ka iya cirewa ba, wai kana tsoron ɓata kayan Turai.

Sai maganar awo, inda ka fi ba ni tausayi. Jirginka irin wanda aka rage sau 87 ne, wanda suke kira HO, ɗakunan kuma na awon Ingila ne, sau 76. A awon jirginka, ƙofa mai tsayin mita 2 milimita 23 ce kacal, mutum kuma bai fi santimita 2 ba. Amma da ka tashi ƙara ɗakin mai gadi da hannunka, sai ka yi masa ƙofar da raƙumi da kayansa zai shige bai sunkuya ba. Kuma bari in ƙara maka ciwon kai. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne faɗinsa, wato milimita 1,067, ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai 1,435 ba. Layin da ke kan teburinka, mai milimita 16.5, hoton wannan faffaɗan ne. Masu kwaikwayon siririn layi irin namu, kamar na New Zealand, suna barin layin yadda yake su gina komai a awon sau 64, sai lissafi ya zauna. Kai da ka yi shekaru kana cin albashin reluwe, ashe guduma kawai suka ba ka, ba su taɓa ba ka abin awo ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce jirgi gadonku ne, domin daga Baro a bakin Kwara aka faro layin da ya isa Kano a 1911, lokacin da mu muke kan jaki. Gaskiya ne, ban musa ba. Za ka kuma kawo mini maƙeran tagulla da masu narka kwalba na Bida, ka ce hannu a jininku yake. To ina hannun? Ko wurin cire ƙayar kifi ya ƙare?

Da ka sauke girman kai ka kira yaro ɗan shekara goma daga cikin masu leƙen tagarka, da ya koya maka. Ɗan Malumfashi da karan dawa ya buɗe ido. Ya san yadda ake feƙe ɓawon kara a yi tsinke, a soka shi cikin totuwa ba gam ba ƙusa, a tayar da mota da ƙafafunta da bodinta. Sillen kara shi ne ginshiƙin rumfar fasinja, ɓawon kuma shi ne katakon shinge. Langa-langar da ake ɗaure dilar auduga da ita, wadda muka yi motoci da ita muna yara, ita ce hannun sigina da ƙarfen gada. Ƙaramin gwangwanin tumatir, in ka ɗora shi kan ƙafafu huɗu, ya zama tankin da jirgin gawayi ke shan ruwa, kuma faɗinsa ya yi daidai da awo ba sai ka taɓa shi ba. Kwanon rufi kuwa, sami takardar gwangwani mai laushi ka danna ta a kan haƙoran mataji, ka shafa mata jar ƙasa da ɗan ruwan ƙaro, tsatsa ta fito. Kada ka manta da siton auduga da dilolin da ke jiran tarago, domin Funtuwa ba auduga ba Funtuwa ba ce. Sai mai shayi, da mai rake, da akuya a kwance a tsakiyar layi.

Tsakuwar ƙarƙashin layi kuma, don Allah, yashi ake tankaɗewa da rariya. An ce tsakin masara ka zuba, kajin uwargida suka shiga da asuba suka cinye rabin hanyar Gusau. Ban yi mamaki ba. Kuma in ka koma ga kara, ɗaga teburin daga jikin bango ka sa ƙafafunsa cikin gwangwanin baƙin mai, in ba haka ba gara za ta rushe maka tasha kafin kaka.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan aiko da jikana ya duba aikin, ka ba shi kujera, ka kira shi malam. Kuɗin koyarwa daban, kuɗin sharar bana da ba ka biya ba daban. In babu tsaba a hannu, ina karɓar busasshen kifi, amma ba na kwalin Ingila ba.